Ramin da Ba a Dasa wa Aduruku Ba

Unguwar Ganji, ta Dingaya,
Gwaram.
7 ga Afrilu.

Zuwa ga Gwaggo Safiyatu, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin yi sallah lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma zafin nan? Mu nan lafiya lau, sai matata Kubura da ta yi zazzaɓi kwana uku, ta kuma warware. Tana gaishe ki.

Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ni ina ihu a nan, ke kina "wa ke magana?" a can. Shi ya sa na ba Hadi direba wannan takarda, tunda kullum yana hanyar Birnin Kudu.

Gwaggo, kin san Islamiyyar da nake koyarwa. Yara sun haura casa'in, rabi a zauren mai unguwa, rabi a gindin tsamiya. Da ruwa ya sauka karatu ya watse ke nan sai kaka. Bana na ce ba za a sake ba. Na ba da gonar Barikin Jatau, wadda kakana Malam Muslim ya bar mana, don a gina aji uku. Jama'a sun buga bulo, magini ya ce in aka fara da wuri za a rufe kafin damina ta zauna.

Ni na tashi na tarar ana ce wa wurin bariki, amma ban taɓa ganin komai ba sai gero da duwatsu. An ce ke kaɗai kika rage cikin waɗanda aka haifa a can lokacin da ake haƙar kuza. Ina neman albarkarki, ina kuma so ki ba ni labarin mutanen wurin, don in yara sun tambaya in sami abin faɗa.

Ɗanki,
Ishiyaku.

*

Birnin Kudu.
11 ga Afrilu.

Zuwa ga ɗana Ishiyaku.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, ita da ni mun saba. Ka gaida Kubura, ka ce ta rage shiga rana. Maganar waya kuwa, kunnena ne ya yi ritaya, ba hankalina ba. Da hannuna nake rubuta maka, da yaƙi da jahilcin da kuke yi wa dariya.

Allah ya saka maka a kan makaranta. Amma ka zauna ka karanta wannan da kyau.

Barikin Jatau gida arba'in ne da 'yan kai. Babu wanda asalinsa can ne. Akwai mutanen Katagum, akwai Barebari, akwai na Damagaram, har da Angasawa uku da suka san kuza tun daga Jos, su suka koya wa iyayenmu. Ba wanda ke tambayarka ɗan wa ne kai. Abin da ake tambaya, ka iya riƙe igiya?

Shugaban ma'aikata shi ne Heluma Hambali, gajere, muryarsa ta fi shi girma. Kowace safiya sai ya zura fitila a rami kafin mutum ya shiga. In ta mutu, ranar ko sarki ne ya aiko ba mai sauka. Akwai Halimatussa'adiya mai tuwo, wadda in ka gajarta sunanta ka ce Halima, to miyarka ba nama. Da rana ta tuƙa tuwo, da yamma ta sauka rafi da ƙwarya tana wankin kuza, ta fi maza ido. Ita ta koya mini yadda ake juya ƙwarya yashi ya fita, baƙin ya kwanta a ƙasa. Akwai wani tela Badamagare da ya zo yin wata uku ya yi shekara tara. Duk sun tafi, Allah ya jiƙansu.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. Ramin kuza, loto muke ce masa, ba kamar kududdufi ba ne. Bakinsa kamar na rijiya, zurfinsa gaba goma, wani sha biyu, a ƙasa kuma ya yi rassa. Da kuza ta faɗi aka fara watsewa, ba wanda ya cike nasa, don kowa cewa yake baɗi za a dawo. Sai a jera azara a baki, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a kai. Daga nan mai rami ya yanko reshen aduruku ya dasa a gefen bakin, don na baya ya gani ya kauce. Dokar Hambali ce, ba wanda ke barin bariki bai dasa ba. To ba su dawo ba, azarar nan kuwa ta haura shekara hamsin a ƙasa. Duk inda ka ga aduruku a gonar nan, rami ne a gindinsa.

Kada ka sa diga a filin nan sai mun zauna ni da kai. Filin ba naka kaɗai ba ne, akwai namu a ciki. Ba maganar takarda ba ce.

Gwaggonka,
Safiyatu.

*

Unguwar Ganji.
16 ga Afrilu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Na karanta wa yara labarin Halimatussa'adiya, sun yi ta dariya.

Maganar aduruku na gode ƙwarai, ban taɓa sani ba. Ni da magini mun zagaya gonar mun ƙirga goma sha huɗu. Mun sa wa kowanne alama, mun yi nesa da su. Allah ya taimake mu akwai fili fetal a gaban falalen dutsen nan na gabas, ko tsiron aduruku babu. Nan muka auna.

Sai dai ƙarshen takardarki ya tsaya mini a rai, kuma gara in faɗa. Kin ce filin ba nawa kaɗai ba ne. Gwaggo, na san mahaifinki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Amma gonar nan kakana ya nome ta shekara talatin, babana ya nome ta, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Sai yau da na ce na ba Allah? Wallahi ban zaci haka daga gare ki ba. Kubura ta ce in yi shiru, na kasa.

In rabon gado kike nufi, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Ki turo wanda za ki turo, a kira malamai a raba, a ba ki daga ɓangaren yamma inda ƙasar ta fi kyau. Amma ba zan tsayar da aiki ba. Na yi wa iyayen yara alkawari, hadari kuma ya fara haɗuwa ta wajen Basirka. Jibi za mu fara haƙa harsashi in Allah ya so.

Ki yi haƙuri in na faɗi abin da bai dace ba.

Ishiyaku.

*

Birnin Kudu.
18 ga Afrilu.

Ishiyaku,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Na karanta takardarka.

Gado? Ni? Shekarata saba'in da biyu, abin da ya rage mini a ƙasa taku shida ne, shi ma ba ni zan auna ba. Da kana kusa da na ja kunnenka da gemunka gaba ɗaya. Amma laifina ne. Na yi maka magana a dunƙule don bakina ya kasa faɗa. To yau zan faɗa.

Filin da ka zaɓa, na gaban falalen dutse, nan ne ramin gidanmu. Ramuka goma sha biyar ne a barikin nan, ba sha huɗu ba.

Ina da wa, sunansa Abu. Ba ka taɓa jin sunansa ba, na sani. Bayan rasuwar Baba shi ya karɓi ramin, yana da shekara goma sha tara. Shi ke shiga, kakanka Baffa Muslim ke riƙe igiya a sama. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Wata safiya a farkon damina, bayan ruwan farko, Hambali ya zura fitila ba ta mutu ba, Yaya Abu ya sauka. Na kawo masa kunu ina tsaye a kan dutse sai muka ji wani abu kamar an kife turmi a cikin ƙasa. Reshen da yake ciki ne ya rufta.

Kwana uku ana tono. Duk bariki aka fito, Angasawan nan su suka fi kowa daɗewa a ƙasa. A rana ta uku ruwa ya fara tasowa, bango yana zubowa. Hambali ya ce a fito, ba zai ƙara wa ƙasa wani ɗan ba. Inna Kulu, mahaifiyarmu, ba ta sake yi masa magana ba har ya bar bariki. Liman ya yi sallah a bakin ramin, aka jera azara aka rufe.

Baffa ya dasa aduruku kamar yadda doka ta ce. Da safe aka tarar an tuge shi. Ya sake dasawa, aka sake tugewa. Na uku Inna ta tuge a gaban kowa, ta ce ramin da aka gama da shi ake dasa wa aduruku, nata kuwa akwai wanda bai fito ba tukuna. Ko Hambali bai iya ɗaga kai ya dube ta ba. Haka aka bar shi ba alama. Daga ranar ba a ƙara kama sunan Abu a gidanmu ba, kakanka kuma ya tafi kabari da abin a cikinsa, don yana ganin igiyar a hannunsa take.

Abin da nake nufi da namu ke nan. Ka tsayar da aikin nan yau. Ka duba tsagar falalen dutsen, akwai turken ƙarfe da ake ɗaura igiya. Daga shi igiya ta ci dutsen ta yi layi, layin yana nuna bakin ramin kai tsaye. Ina roƙonka don Allah, kada ka zaunar da 'ya'yan mutane a kan ruɓaɓɓiyar azara.

Safiyatu.

*

Unguwar Ganji.
6 ga Mayu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kubura tana gaisuwa.

Yau kwana ashirin ban ga amsarki ba. Hadi ma ya daina zuwa, an ce motarsa na gareji. Ban sani ba ko fushi kike, ko kin bar maganar ne. Na ɗauki shirun a matsayin kin haƙura. In fushi ne, ki yafe mini, ɗa ba ya fin ƙarfin a yafe masa.

Albishir nake miki. An gama harsashi, bulo ya kai taga. Mata ke ɗebo ruwa daga rafi, yara na miƙa bulo bayan karatu, har sun fara rigimar wanda zai zauna kusa da taga. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Na tafi da safe ina tsoron in tarar da tabki a cikin ginin, sai na ga aji na tsakiya ya shanye ruwansa tas, ko ɗigo babu, alhali sauran biyun sun cika. Magini ya ce alamar ƙasa mai kyau ce. Na ce ko yanzu a fara zaunar da ƙanana a cikinsa, a yi musu rumfar zana kafin kwano ya iso. Ranar Asabar za su shiga.

Ki sa mana albarka.

Ishiyaku.

*

Unguwar Ganji.
9 ga Mayu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba.

Yau Juma'a Hadi ya tare ni a ƙofar masallaci da takardarki ta sha takwas ga Afrilu. Kwana ashirin da ɗaya tana cikin akwatin motarsa a gareji. A tsaye na karanta, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Gobe ne fa yara za su shiga.

Na tuna abu guda. Ina ƙarami, kakana bai taɓa bari garmar shanu ta bi ta gaban dutsen nan ba. Yakan ce wurin tsakuwa ne. Babu wata tsakuwa, Gwaggo, mun haƙa mun gani.

Na kewaye ginin da ƙaya, na hana kowa shiga. Amma ban ga turken ba. Dutsen duk yashi da ciyawa sun rufe gefensa. Mun caka rodi wuri-wuri, bai nutse ba. Yanzu 'yan kwamitin makarantar sun taso mini. Wasu na cewa tsufa ne ya rikita ki, wasu na cewa dabara ce ta neman gona, kuma da kunya nake faɗa, ni na fara sa musu wannan a baki. Sun ba ni mako guda. In ban nuna rami ba za su ci gaba da gini ko da ni ko ba ni.

Ni na yarda da ke. Ko zan kwana a bakin ƙayar nan ba yaron da zai shiga. Amma ban san inda zan nuna ba. Na san halin ƙafarki, ban da bakin cewa ki zo.

Ki yafe mini maganar gado.

Ishiyaku.

*

Birnin Kudu.
11 ga Mayu.

Ishiyaku,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Na yafe, a bar maganar.

Takardunka biyu tare suka iso. Ruwan da ka ce aji ya shanye, ina kake zaton ya tafi?

Ina nan zuwa ranar Talata. Babban ɗan nan nawa ya ce ba inda za ni da wannan ƙafa, na ce masa ni na haife shi ba shi ya haife ni ba. Hadi zai sauke ni a Gwaram, ka samo mai babur da ba ya gudu. Shekara hamsin da biyar rabona da wurin nan, na kuma yi rantsuwa a raina ba zan sake taka shi ba. Zan yi kaffara.

Ka ce wa masu cewa na rikice su zo da kansu, su taho da tsintsiya da fartanya.

Safiyatu.

*

Unguwar Ganji.
17 ga Mayu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya, ƙafar kuma ta sauka daga kumburin. Kubura ta ce a tambaye ki ko man da ta ba ki ya yi amfani.

Har yanzu garin nan maganarki ake. Yadda kika ƙi hannun kowa, kika hau dutsen da rarrafe, kika zauna kina duban filin. Sannan kika ce a nan kike tsayawa da kunu, a share gabanki. Mu can kudu muke ta nema, ashe turken yana arewa, ƙasa ta binne shi kamu guda. Da fartanya ta bugi ƙarfen nan na ga shugaban kwamiti ya cire hularsa yana fifita da ita.

Kin ce ba za ki tsaya a buɗe ramin a gabanki ba, na kuma fahimta. To bayan tafiyarki mun ja igiya bisa layin, ta faɗa tsakiyar aji na biyu. Muka ɗaura wa mai haƙa igiya a ƙugu. Bai kai ƙirji ba fartanya ta shige, azara ta marmashe kamar busasshen rogo. Rabinta gara ta cinye tuntuni. Muka zura igiya da dutse, gaba tara kafin mu ji ruwa. Harsashinmu ya wuce ta gefen bakin da taku biyu. Yaro talatin na yi niyyar zaunarwa a nan. Na koma gida na kasa cin abinci.

Za mu rushe ajin, mu matsa da ginin yamma. Bulon zai yi amfani, iyaye sun ce za su sake fitowa. Ba za mu riga damina ba, amma za mu gama. Sauran sha huɗun kuma mun fara cike su da dutse da ƙasa ɗaya bayan ɗaya, don makaranta ba ta zama kusa da rami.

Saura wannan na gidanku. Kowa ya ce a cike shi, liman ma ya ce ba laifi. Ni na ce ba mai jefa ko tsakuwa sai na ji daga bakinki. In kin ce a bari, zan yi masa katanga da murfin siminti, in riƙa dubawa muddin ina raye. Mun rufe shi da katako, muna jiran ki.

Ɗanki,
Ishiyaku.

*

Birnin Kudu.
20 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana Ishiyaku.

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya. Ƙafa ta yi kwana uku tana zagina, yanzu mun shirya. Ka ce wa Kubura man ya yi, Allah ya yi mata albarka.

Na gode da ka tambaye ni. Kwana biyu ina juya maganar, na ɗauki biro na ajiye ya fi sau biyar. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta so katangar nan. Na ce ko ba komai a san yana nan.

Amma ka ce muddin kana raye. Kakanka ma haka ya yi, ya tsare wurin muddin yana raye, da ya tafi sai ga jikansa yana gini a kai. Siminti yana tsagewa, yaro kuma ba abin da yake so kamar wurin da aka ce kada ya hau. Yaya Abu mutum ne da in ya ga yaro ya matso bakin rami yakan bar aikinsa ya ɗauke shi ya kai wa uwarsa, har ni ya sha yi wa duka a kan haka. Ba zan mayar da shi abin da zai ci ɗan wani ba.

Ku tara jama'a, liman ya yi masa addu'a da sunansa, a faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji: Abubakar ɗan Abdulnasir. A haɗa da Inna Kulu, da kakanka, da Hambali, don gaskiya ya yi ranar da ya ce a fito, ba mu taɓa gaya masa ba. Kai za ka fara zubawa a madadina. Kada ku yi ha'inci, ku cika shi har baki, ku daddaɓe, in ya zauna bayan ruwa ku ƙara.

Inna ta jira ya fito shekara goma sha ɗaya har ta rasu. Ni na ɗora hamsin a kai. Ya isa haka. Ku zuba ƙasa.

Gwaggonka,
Safiyatu.